Jan Ƙyallen da Auta Ta Kwance

"Ɗauke kayanka ka bar min ƙofar gida."

Mama ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ɗin da ya fi sauƙi. Tana tsaye ta dafa ƙyaure da hannu ɗaya, ta tare hanya da jikinta gaba ɗaya. A gabanta Dogo ne, saurayin 'yarta Auta, ya durƙusa kusa da wasu dogayen katakai biyu masu ƙafafu da ya sha wahalar ɗaukowa tun daga shago.

"Mama, ku yi haƙuri. Likita ne ya ce Baba na bukatar abin dafawa idan zai fara koyon tsayuwa. Shi ne na..."

"Shi ne ka ƙera masa wani abin da zai sake karyewa da shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Na farkon bai ishe ka ba? Mutumin da ya ɗauke ka ba ka san kan ƙusa da gindinta ba, ya koya maka aiki, ya ba ka 'yarsa. Ƙyalle ɗaya aka ce ka ɗaura, ƙyalle ɗaya tak, ka ce ka manta."

Auta na bayan labule, riƙe da robar ruwan ɗumin da za ta gasa wa Baba ƙafafu.

"Ranar Lahadi zan ga fasto a dakatar da sanarwar auren nan," in ji Mama. Ba ta waiwaya ba ta ƙara da cewa, "Ke kuma na san kina nan. Zoben nan ki cire ki ba shi kafin Lahadi, kada ki bari in cire da hannuna."

Ta turo ƙyaure. Ta tagar falo Auta ta ga Dogo ya jingina katakan da bango a hankali, ya shafa su sau ɗaya, ya juya ya tafi yana tafiyar wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba.

To, ni dai ba zan ga laifin Mama ba, duk da zafin bakinta. Shekara talatin da ɗaya tana zaune da mijin da bai taɓa kwanciya ciwon kai ba, kafinta mai rufin gidaje, wanda yake hawa sama kamar yana shiga ɗakinsa. Yau ga shi a gado, ƙashin baya ya taɓu, sai an juya shi, sai an ɗaga shi. Dole zuciya ta nemi wanda za ta ɗora wa, kuma Dogo da bakinsa ya ce shi ne.

Sai dai ba shi ba ne, kuma Auta ta sani.

A shagon Baba akwai doka ɗaya da ta girmi Auta. Duk kayan aikin da ya sami matsala, zarto ne ko guduma ko tsani, a ɗaura masa jan ƙyalle, kada kowa ya taɓa sai an gyara. Tun tana rarrafe cikin garin katako ta san wannan. Tsani biyu ne a shagon, tsawonsu ɗaya, fentinsu ɗaya. Da safiyar wata Asabar, wata biyu da suka wuce, Dogo ya ga ɗayan ya tsage a wajen mataki na sama, ya ɗaura masa ƙyalle, ya faɗa wa Baba.

Da rana Auta ta kai musu abinci. Garin ajiye kula gefen kwanon rufi ya yanke ta a ɗan yatsa, jini ya balle. Ta duba hagu ta duba dama, duk tsumman da ke wurin ya sha mai da ƙura, sai jan ƙyallen nan sabo fil a jikin tsani. Ta ce a ranta minti ɗaya ne, jinin na tsayawa za ta mayar. Sai Dogo ya shigo daga baya ya buga kansa da saman ƙofa kamar kullum, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, suka shiga hirar ɗakin da za su kama bayan aure. Ta koma gida da ƙyallen a yatsa.

Ƙarfe biyu Baba ya shigo cikin sauri. Tsanin farko da hannunsa ya kai gare shi ba ƙyalle a jiki, ya saɓa ya fita. Ƙarfe uku aka kira su daga asibiti.

A can, yana kwance yana numfashi da ƙyar, Baba ya dubi Dogo ya ce, "Ba ka ce ka ɗaure ba?"

Auta tana riƙe da hannun Baba a lokacin. Ta dubi yatsanta, duniya ta juya mata. Ta zare hannun ta cusa cikin mayafi, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai ta ji Dogo ya ce, "Na manta, Baba. Ku yafe min."

Tun daga ranar Auta ba ta sake sanin daɗin barci ba. Ta rame har zoben ya fara yi mata yawa. Ta daina zuwa koyon waƙa, ita da muryarta ce ke jan sauran mata a coci. Idan ta durƙusa za ta yi addu'a sai ta ji kamar da bango take magana. Mutane kuwa sai yabonta suke, wai ga 'ya mai tausayin uba, dubi yadda ta lalace. Kowane yabo sai ya sauka mata kamar mari.

Baba shi ma ya zama wani iri. Mutumin da ke cika gida da tsokana ya koma kallon bango. Idan ta shigo gasa masa ƙafa sai ya bi ta da ido, idan ta ɗago sai ya kawar da kai. Ranar da Mama ta kori Dogo duk yana ji daga ɗaki, ko uffan bai ce ba.

Ranar Alhamis da aka tashi daga makarantar da take koyarwa, Auta ba ta nufi gida ba. Ta bi ta bayan layin masu walda ta shiga shago. Ta tarar da Dogo ya shimfiɗa buhu a kan tebur yana jera kayan aikinsa, yana goge kowanne kafin ya ajiye. A kusurwa ga tsanin nan da aka dawo da shi, matakinsa na sama a karye.

"Ina za ka?"

Ya ɗago. Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yi kyau ba.

"Wani abokina ya samo min aiki a wani gari. Lahadi bayan sujadar coci zan tafi."

"Ba ka faɗa min ba."

"Da na faɗa miki da bakina ba zan iya tafiyar ba, Autata."

Ta jingina da tebur. Wata biyu tana juya maganar nan a baki, da ta tashi fitowa sai ta fito a gajarce.

"Ni na kwance ƙyallen."

Dogo ya ci gaba da goge gudumar da ke hannunsa.

"Na sani."

"Ka... ka sani?"

"Muna hira ranar yana yatsanki, ni da na ɗaura shi da hannuna ban ko lura ba, fuskarki nake kallo. Sai a asibiti na gani, lokacin da kika ɓoye hannu." Ya ajiye gudumar. "Kin ga ai ba duka ƙarya na yi ba. Ni ma da nawa a ciki."

Kuka ya ƙwace mata. Ya matso ya tsaya kusa, hannuwansa duk ƙurar katako, ya rasa inda zai sa su.

"Me ya sa ka yi haka? Me ya sa ka bar ta tana zaginka a gaban mutane?"

"Saurara, abar ƙaunata. Ni idan Mama ta tsane ni, ɗan wasu ta tsana, gobe za ta manta da ni. Ke fa? Ke ce ke juya Baba, ke ce ke zama da ita. Idan ta kalle ki ta riƙa ganin tsanin nan, ina za ki sa kanki? Ina ita za ta sa nata?"

"To mu fa?"

Ya sake ɗaukar gudumar yana gogewa.

"Dogo, mu fa? Shi ke nan?"

"Ki yi shiru kawai. Abin da nake roƙonki ke nan. Ki bar ni in tafi da shi."

Ta share ido da bayan hannu ta dube shi sosai. Shi ma ya zube, kwarmin idonsa ya faɗa, rigar aikinsa ta yi masa yawa.

"Kana barci?"

"Wani lokaci."

"Kana iya addu'a?"

Ya kawar da kai ya dubi ƙofa. Ta gane amsar. Ta kama zoben za ta zare, ya riƙe hannunta da sauri.

"Ba yau ba. Zan biyo ranar Lahadi da safe in kwashe katakan nan daga ƙofarku, sai ki ba ni a can. Bari in ƙara kwana uku ina da ke."

Allah sarki. Haka suka rabu, kowa na ganin yana ceton ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya tsira a cikinsu.

Ranar Asabar da la'asar Mama ta aike ta sayen maganin Baba. A hanyar dawowa ta ga ƙofar coci a buɗe, ƙafarta ta kai ta ciki ba tare da ta yi shawara da ita ba. Ba kowa, sai ƙamshin ruwan da aka goge ƙasa da shi. Ta zauna a bencin baya ta ɗora ledar magani a cinya.

"Wace ce nan ta shigo kamar ɓarauniya?"

Kaka ce, tsohuwar da ke kula da kofunan Jibin Ubangiji, waɗanda ake sha da su don tunawa da jinin Yesu, tun kafin a haifi Auta. Ta fito daga ƙaramin ɗakin gefe da tire a hannu, tabarau a kan hanci. Kowa a cocin Kaka yake ce mata, har fasto, kuma kowa na tsoron bakinta.

"Au, kishiyar waƙata ce. Taso ki kama min shanya kofunan nan, gobe Jibi ne. Yatsuna sun daina jin magana."

Auta ta bi ta. Kaka na wankewa a roba, ita tana gogewa da farin tawul tana jerawa a ramukan tire, ƙananan kofuna kamar murfin kwalba. Sun yi kusan rabi kafin tsohuwar ta yi magana.

"Sau biyu ke nan tire na wucewa ta gabanki kina sunkuyar da kai."

Auta ta tsaya da gogewa.

"Kaka, kina gani ashe?"

"Ni da ke wanke su? Idan kofi ya dawo min a cike sai na san bencin da ya fito. Me kika yi da ya fi ƙarfin jinin Yesu? Faɗa min in ji, don ni a tsawon raina ban taɓa cin karo da shi ba."

Wannan tambayar ce ta fasa ta. Ta ajiye tawul ta faɗi komai, yankan, ƙyallen, dariyar, asibitin, har da abin da Dogo ya roƙe ta. Kaka ba ta katse ta ba, ba ta kuma daina wanki ba.

"Kin roƙi Ubangiji gafara?"

"Kullum, Kaka. Safe da yamma."

"Ya ce ya ƙi?"

"Ban sani ba... ba na jin komai. Kamar ya juya min baya."

"Bai juya ba. Yatsan nan ya yafe shi tun ranar farko, ke ce ba ki karɓa ba. Yarinya ta yanke ta nemi tsumma, wannan kuskure ne, kuma ya yi tsada, ba zan rage miki ba. Amma na minti ɗaya ne." Ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "Shirun fa? Wata biyu kina tashi da shi kowace safiya kina sabunta shi. Kina cewa Ubangiji ya sauke miki kaya, hannunki biyu kuma na riƙe da kayan gam. Ta ina zai karɓa?"

"Dogo ya ce idan na faɗa Mama za ta tsane ni."

"Dogon naki mai kirki ne, amma ba shi ne Mai Ceto ba. Mutum ɗaya ne aka ba ikon ɗaukar laifin wani, kuma ya riga ya ɗauka a kan gicciye. Shi wannan tsayi kawai gare shi, zai karye a banza."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Auta a tsakiyar kuka.

"To idan ta tsane nin fa, Kaka? Idan na faɗa kuma duk da haka ta hana auren?"

"Tana iya yi. Na san uwarki tun tana amarya, ba ta da sauƙi. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne, duk ɗakin da za ki shiga da gaskiya a bakinki, ba ke kaɗai za ki shiga ba. Je ki can gaba ki yi magana da Ubangiji. Kada ki tsara masa kalmomi, ba fasto ba ce ke."

Auta ta je ta durƙusa tsakanin benci na farko da na biyu, ta kifa goshi a kan katako. Da farko ba abin da ya zo. Can ta ce, "Yesu, na gaji. Ni na yi, ka sani. Ina tsoron Mama, ina tsoron rasa Dogo, ina tsoron idon Baba. Ba zan iya gyara ko ɗaya ba. Ga su nan, na sake. Ka riƙe ni kawai in faɗa."

Ba ta ji murya ba, ba ta ga haske ba. Ta dai daɗe a wurin tana kuka, irin kukan da ke fita ba ya dawowa. Da ta ɗago sai ta ji kafaɗunta sun sauka, numfashinta na kaiwa har ƙasan ciki. Tsoron yana nan, amma ya matsa gefe ya ba ta wuri. Abin da ya fi ba ta mamaki, yunwa ta ji, yunwa ta gaske, karon farko cikin wata biyu.

Rana ba ta faɗi ba ta isa gida. Ta wuce ɗakinta, ta buɗe akwati, ta zaro ƙyallen daga can ƙasan kaya. Ba ta taɓa wanke shi ba, jinin ya bushe ya yi baƙi a tsakiya.

Mama na zaune a bakin gadon Baba tana yanke masa farce.

"Sai yanzu? Maganin a wata ƙasa ake sayar da shi?"

Auta ta ajiye ledar. Ta durƙusa a gabansu, ta shimfiɗa ƙyallen a kan zanen gado.

"Mama, Baba, Dogo bai manta ba. Ya ɗaura. Ni na kwance na ɗaure yatsana da na yanke, na ce zan mayar, na manta. Ni ce."

Abin yankan farcen ya tsaya a hannun Mama. Ta dubi ƙyallen, ta dubi Auta, ta sake duban ƙyallen.

"Shi ya sa ki faɗi haka."

"A'a, Mama. Shi cewa ya yi in yi shiru."

"Ƙarya kike, don ki cece shi."

Auta ta miƙa yatsan. Tabon na nan, fari, a karkace.

Mama ta kafe ta da ido.

"Wata biyu. Kina kallona ina cin mutuncin ɗan mutane a asibiti, a coci, a ƙofar gidana. Kina bayan labule. Kika bar ni na zama azzaluma a gaban Allah."

"Na yi laifi, Mama. Ba ni da abin cewa. Ki yafe min."

Ba ta ji tana son guduwa ba. Ta zauna a inda take tana jiran duk abin da zai zo.

"Ki haɗa da ni."

Baba ne. Ya juyo daga bango, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba.

"Hannuna ta riƙe a asibiti. Da na yi tambayar idona ya sauka a kan yatsanta. Na ga ƙyallena kafin ta ɓoye."

Mama ta miƙe tsaye. "Kai ma?"

"Ni ma. Na ce in na yi magana na raba ki da 'yarki, in na yi shiru na zalunci yaron. Na rasa wanda zan zaɓa, sai na zaɓi bango." Ya dubi Mama. "Kuma tun bara yake ce min tsanin nan ya tsufa a sare shi. Na ce na mahaifina ne, ba mai taɓa shi. Ni na ajiye abin da ya kayar da ni, uwar yara. Mu uku muka sani, muka bar ki ke kaɗai cikin duhu. Ke ya kamata mu roƙa."

Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta fita, suka ji ƙofar kicin ta rufu.

Baba ya miƙo hannu ya ɗora a kan Auta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ƙafafun nan ba ke kika ba ni su ba, kuma wanda ya ba ni bai gama da ni ba. Na yafe miki tun a gadon asibiti. Rashin faɗa miki shi ne nawa zunubin."

Ta kifa kai a gefen gadon ta yi kuka, shi ma yana yi.

Har aka ci abincin yamma Mama ba ta ce mata ci kanki ba. Auta ta miƙa mata kwano ba ta karɓa ba, ta yi mata sai da safe ba ta amsa ba. Auta ta shiga ɗaki ba ta san ko gobe tana da uwa ko tana da miji ba. Ta yi addu'a gajeriya ta kwanta, kuma ikon Allah, ba ta farka ba sai da hasken rana ya shigo ta taga.

Tana ɗaura ɗankwalin zuwa coci Mama ta turo ƙofa. Ta riga ta shirya, idanunta sun kumbura.

"Kawo hannunki."

Auta ta miƙa hannun zoben. Ta rufe ido tana jiran a zare. Sai ta ji Mama ta saki wannan ta kamo ɗayan, ta juya ɗan yatsan, ta bi tabon da babban yatsanta a hankali.

"Ya yi zurfi."

"Eh, Mama."

"Wa ya wanke miki?"

"Ba kowa."

"Kwanon rufi ya yanke ki haka, ko allura ba a yi miki ba, kina cikin gidana ban gani ba." Ta ɗago ta dube ta. "Wane irin tsorona kike ji, Auta, da za ki gwammace ki narke a gabana?"

Auta ta faɗa jikinta. Mama ta riƙe ta ƙam tana bubbuga bayanta, tana faɗa tana kuka, wai ba ta huce ba, kada ta ɗauka ta huce, kuma dubi yadda ƙasusuwa suka fito mata kamar marainiya.

Suna haka suka ji motsin katako a waje. Mama ta share fuska da gefen mayafi ta nufi ƙofa, Auta na biye.

Dogo ne, jakar kayan aiki a bayansa, ya sunkuya zai saɓi katakan. Da ya ga Mama ya sake su ya durƙusa.

"Mama, yanzu zan kwashe. Ku yi haƙuri da..."

"Tashi."

Ya dubi Auta, ya ga idonta, ya gane. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Kada ka ƙara min wata ƙaryar a kan ta farko, za mu yi maganarta ni da kai." Mama ta ja numfashi. Ba abu ne mai sauƙi a wurinta ba, kowa ya san haka. "Na zage ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe min, ɗana."

"Mama, don Allah..."

"Ka yafe ko ba ka yafe ba?"

"Na yafe, Mama."

"To ɗauko kayanka ka shigo." Ta matsa daga bakin ƙofa.

Ya saɓi katakan, hawaye sun rufe masa ido, ya taho da sauri, sai ji kake ƙum, goshinsa ya haɗu da saman ƙofa. Daga cikin ɗaki dariyar Baba ta tashi, dariyar da gidan ya manta kalarta.

Da aka kafa katakan a gefen gado Baba ya shafa su, ya girgiza, ya duba mahaɗar da idon kafinta.

"Ba laifi," ya ce. "Gobe ka je ka sare tsanin nan. Ka kawo min mataki ɗaya in ajiye, sauran a hura wuta."

A coci ranar fasto ya karanta sanarwar auren karo na biyu, ba wanda ya tashi ya ce komai. Da aka zo Jibin Ubangiji tiren ya biyo benci-benci har ya iso hannun Mama. Ta ɗauki nata. Maimakon ta miƙa gaba, sai ta riƙe tiren da hannu biyu a gaban 'yarta, ta tsaya tana jira.

Daga can gefe Kaka na leƙe ta saman tabarau.

Auta ta miƙa hannun mai tabo ta ɗauki kofin.